Kujerar Ƙarshe, Tagar Hagu

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya Baba da yara? Ni lafiya lau, ina cin abinci, kada ki damu. Barcin ne dai sai a hankali.

Na yanki tikitin dawowa a jirgin nan mai araha. Kujerunsa a matse suke, ko ruwa sai ka saya. Abokin aikina ya ce in ɗauki ta gaba, in samu miƙe ƙafa. Na zaɓi ta ƙarshe, jikin tagar hagu, dab da banɗaki. Ya ce, "Kai, lafiyarka kuwa? Waccan ko kwantawa ba ta yi!"

Ga dalilina, Inna. Wani mai shara a filin jirgin ne ya gaya mini, idan jirgi ya tashi, ta hagu ake hango maƙabartar da muka kwantar da 'yarki Auta. Daga kujerar baya kuma fiffike ba ya tare mutum.

Mu biyu kika raka tasha, Inna, ni kaɗai za ki tarba. Ki yafe mini. Ki taya ni addu'a, kada gajimare ya rufe mini ƙasa a ranar.

Ɗanki,
mijin Auta