Inda Rubutu Ke Zuwa In An Goge Shi

Litinin, 5 ga Agusta, 2024

Kowa ya ɗauka gilashin nan mai haske shi ne kwamfuta. Yau ma haka aka yi. Na ce 'yan matan su nuna mini kwamfuta, duk yatsu suka nufi sikirin, akwatin da ke ƙarƙashin tebur kuwa babu wadda ta kalle shi. Shatu, uwar surutun ajin, har ƙafa ta ɗora masa. Na ce ta sauke ƙafarta daga kan ƙwaƙwalwar, aji ya kwashe da dariya. Ban ga laifinsu ba, ni ma haka na zata farkon shigata kwaleji.

Darasin hutu ya fara ke nan a Lambara. Kwamfuta huɗu, sola a kan rufi, aji cike. Yawancinsu baɗi za su zauna jarrabawar shiga jami'a, da kwamfuta ake yin ta, kuma babu wadda ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta, ɗan abin da ake ja da hannu a danna. Daga Bodinga, inda nake koyarwa, har na sauka gero ne hagu da dama, ya kai kafaɗa. Murna nake kamar ni za a koya wa.

Laraba, 7 ga Agusta

Ayyukan kwamfuta: a shigar, ta sarrafa, ta fitar, a adana. Da injin niƙa na yi musu misali. Kin zuba gero, inji ya niƙa, gari ya fito, kin juye a ƙwarya kin rufe. Shatu ta tambaya in aka zuba tsakuwa fa. Na ce garin tsakuwa za ki kwasa, inji ba ya gyara wa kowa hatsi, kwamfuta ma haka.

Akwai wata a bencin baya, Juwairiyya. Ba ta magana, amma idonta ba ya barin hannuna. Aikin jinya take so ta karanta. Mahaifinta Malam Shaihu ne, mai makarantar allo ta bayan masallaci.

Asabar, 10 ga Agusta

Hadari tun safe, batir ya ƙi ɗauka. Ba wuta, ba kwamfuta. Sai na fito da su fili na jera takwas, na ce wadda ta tsaya ita ce ɗaya, wadda ta tsuguna sifili. Ta biyu da ta ƙarshe suka tsaya, saura suka tsuguna. Na ce to ga harafin A nan yadda yake a cikin kwamfuta, ba tawada, ba alƙalami, kunne da kashe kawai. Suka ce sai an yi sunan kowa. Har yayyafi ya fara muna tsugunawa muna tashi, gwiwoyina yanzu ba nawa ba ne. Wata tsohuwa mai tallar nono ta tsaya tana kallo, ta tambaya ko wani sabon wasan gaɗa ne aka kawo daga Sakkwato.

Litinin, 12 ga Agusta

Sun fara bugawa a kibod. Kowace da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsintar tsaba. Juwairiyya ce ta fara sa hannu biyu ba tare da na ce ba. Kuma duk abin da za su rubuta, ko sunansu ne kawai, sai sun fara da Bisimilla a sama. Ya burge ni.

Alhamis, 15 ga Agusta

Sikirin duk ya cika da fayil ɗin gwaji, babu wurin sa yatsa. Na ce yau darasin gogewa: ki ja fayil ɗinki ki jefa a wancan hoton na lungu, kwandon shara. Wasu suka yi. Juwairiyya ta riƙe linzami ta ƙi motsi. Na zata ja ɗin ne ya gagare ta, na ɗora hannuna a kan nata na ja mata, har ina cewa kin ga ba wuya. Ta zare hannunta a hankali.

"Malama, da sunan Allah a ciki."

Na yi dariya na ce ai ba takarda ba ce, kin manta da wasanmu na Asabar? Da aka tashi ita ta fara fita.

Asabar, 17 ga Agusta

Ba ta zo ba.

Litinin, 19 ga Agusta

Yau ma. Da ita da 'yan unguwarsu uku. Shatu ta ja ni gefe ta ce Malam ya hana, wai an ce a ajinmu ana zuba sunan Allah a shara. Ta ce Juwairiyya ba ƙarata ta kai ba, kuka ta yi a gida uwarta ta tambaye ta.

Raina ya ɓaci a mota. Yarinyar da ta fi kowa hannu, a ce za ta shiga ɗakin jarrabawa baɗi ba ta iya komai ba saboda hoton kwando. Duk hanya ina shirya bayani a kaina: babu harafi a ciki, babu shara a ciki, lantarki ne. Har na ji daɗin yadda na tsara shi.

Na gaya wa Inna zan rubuta masa saƙo. Ta aje muciya ta kalle ni, ta ce malami ba a aika masa saƙo, zuwa ake yi. In sayi goro, in sa babban hijabi, kuma kada in buɗe baki da bayani sai gaisuwa ta ƙare don kanta. "Ke dai, Ramla, saurinki ya yi yawa," in ji ta.

Laraba, 21 ga Agusta

Na je bayan la'asar. Yana zaure, alluna jingine da bango. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Gaisuwa ta yi tsawo: gida, Inna, damina, hanya, gajiya, sai kuma damina. Bayanin nan nawa yana ta tsalle a bakina ina danne shi.

Ba mafaɗaci ba ne ko kaɗan. Dattijo ne mai fara'a, har yana tsokanata wai an ce na sa 'ya'yan mutane tsalle-tsalle a fili. Da na samu sarari na zuba masa komai, sifili da ɗaya, kunne da kashe. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Sannan ya nuna allunan.

"Malama, allo in anka wanke shi, mun san inda ruwan ka zuwa. Ko a sha, ko a zuba wuri mai tsarki. Naku rubutun in anka goge, ina shika zuwa?"

Na ce Allah shi gafarta Malam, ba ya zuwa ko'ina. Ya ce abin da ba ya zuwa ko'ina, to yana nan ke nan. Na ce eh, da farko yana nan. Ya yi murmushi ya ce yana son ya ga wurin da idonsa.

Tambayar ta fi duk wadda aka taɓa yi mini a aji. Na dawo gida na buɗe littattafaina na kwaleji don kada in yi masa kame-kame.

Alhamis, 22 ga Agusta

Na aro sukudireba wurin mai gyaran babur. Na share ajin sau biyu. Shatu ta ce ko gwamna ne zai zo.

Asabar, 24 ga Agusta

Ya zo! Da sandarsa, Juwairiyya na bayansa kanta a ƙasa. 'Yan matan duk suka zube gaisuwa.

Na kashe kwamfuta ɗaya na kwance murfin akwatin. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ƙura, wayoyi, 'yar fanka. Ya ce ashe har da fanka suka sa mata, ta fi shi gata. Na nuna masa ma'ajin, ɗan abu kamar tafin hannu, na ce duk rubutun a nan yake, amma ko an fasa shi ba za a ga harafi ba. Na faɗa masa gaskiyar yadda abin yake: in an jefa fayil a kwando, wuri kawai aka canja masa, ana iya maido shi. In an zubar da kwandon, kwamfuta na ɗaukar gurbinsa a matsayin fili, sai wani sabon rubutu ya zo ya hau kai. Ya gyaɗa kai ya ce wannan ya gane, kusan allo ne.

Na ɗauka an gama. Sai ya ce:

"Na yarda babu shara ciki. Amma ɗiyata ba cikin akwati taka kallo ba. Idonta ya ga suna, ya ga kwando, ya ga hannu ya kai shi. Hannun da ya saba da wanga, gobe takarda ce za shi jefawa."

Littattafan kwaleji babu wannan a ciki.

Na ce Juwairiyya ta zauna a kwamfutarta. Ta kalli mahaifinta, ya ɗaga mata kai. Na ce ta buɗe kwandon, da baki kawai, ban taɓa linzamin ba. Fayil ɗinta na nan. Ta danna, ya koma mazauninsa, ta buɗe, ga Bisimilla ga sunanta a ƙasa. Ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya. Sai na koya musu darasin da na yi niyyar bari sai mako mai zuwa, yadda ake yin folda, wato jakar da ake tara fayil a ciki. Na ce duk mai ɗauke da sunan Allah a nan za a riƙa sa shi, na gwajin hannu kuma a bar Bisimillar a baki, kada a buga ta. Folda na son suna. Na juya na ce Baba, ku sa mata.

Ya shafa gemu ya ce gafaka, tunda a gafaka ake aje Alƙur'ani. Juwairiyya ta buga da hannu biyu, yana tsaye a kanta yana bin yatsunta da ido. Shatu ta kasa haƙuri ta ce Malam, ɗiyarku fa ta fi Malama sauri. Ya ce to a rage wa Malama aiki.

Da zai fita ya ce Litinin za su zo, har da sauran ukun. A mota na sayi dafaffiyar gyaɗa na raba wa duk wanda ke kusa da ni, ban ma san su ba.

Litinin, 26 ga Agusta

Aji ya cika. Gafaka a kowace kwamfuta. Sun fahimci folda a zama ɗaya, abin da a Bodinga nake shan mako ina fama da shi.

Alhamis, 29 ga Agusta

Da safe ina rage tarkace a tawa kwamfutar ta gida, na ci karo da wata tsohuwar takardar gayyatar walima, da Bisimilla a samanta. Na ja ta, sai na ga ban kai ta lungu ba. Na yi mata folda. Ba wani abu ba ne, wuri ne da akwai da yawa.

Malam ya biyo ta makaranta wajen azahar, wai hanya ce ta kawo shi, alhali gonarsa ba ta nan take ba. Ya tsaya a taga yana tambayar ko na'urar na iya rubutun Larabci, daga dama zuwa hagu. Na ce tana iyawa, ya shigo ya gani. Ya ce a'a, shi tambaya kawai ya yi. Kafin in ce wani abu Juwairiyya ta tashi daga kujerarta ta goge ta da hijabi. Na juya kibod ɗin zuwa Larabci na matsa gefe, na sa hannuwana a baya, na ce:

"Baba, ku shigo ku gwada. Alif na nan tsakiya, ku danna da kanku."