Ƙafar Sani da Ramin Alhaji

Zuwa ga Yaya Kabiru,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman Ikko? Ya Maman Abba da yara? Mu nan Batsari sai godiya, daji dai yana nan yadda ka sani.

Ramin zinariya ya rufta wa Sani na Yaya Hauwa. Ya tsira da rai, amma ƙafar dama ba ta ɗoru ba, likita na maganar yankewa.

Ka tuna abin da kake faɗa, wai talaka ba shi da ɗan'uwa sai talaka? To, kafin ramin ya rufta, sun gwada. Mahaƙa, 'yan gari da Zamfarawa, suka haɗa baki ba mai shiga sai Alhaji mai ramin ya kafa itacen tokare. Ina rumfata ina sayar musu da batir, na ga abin kamar zai yi.

Sai Alhaji ya yanka rago, ya kira 'yan gari kaɗai. Ya ce, "Ƙasar kakanninku ce, baƙi za su koya muku? Masu kai wa ɓarayin daji rahoto ne!" Har Sani ya ɗauki sanda aka kori Zamfarawan, cikinsu da Ilu, wanda suke cin kwano ɗaya. Washegari 'yan gari suka shiga ramin ba tokare, shi ne ya rufta.

Alhaji ya aiko da goro, wai ƙaddara ce. Jiya ya sauke sababbin Zamfarawa mota guda.

A taya mu addu'a a bar masa ƙafarsa. Ka gaida Kawu Lawal. Kai ma baƙo ne a can, ka kula da ranar da za a yanka rago.

Ƙaninka,
Murtala