Wutsiyar Ragon Layya Tana Jiran Ki

Zuwa ga Maijidda, sanyin idona, ruwan farko mai sauka a kan busasshiyar gona, inuwar ɗorawar da nake fakewa idan rana ta take, abokiyar hirata wadda tun da na san ta ban ƙara ɗaga ido na dubi ƙofar kowa ba.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da masu masaukinki da jikokinmu. Kin ga yadda na rubuta sunanki ƙiri-ƙiri a saman takarda? Rabon da ya fito daga bakina har na manta. A gaban yara ke ce "uwarsu", a gaban baƙi ke ce "mai ɗakin", idan mu biyu ne kuma sai in ce "ke". Yau alƙalami ya yi mani abin da harshe ya kasa. Don Allah ki sa tabaranki mai karyayyen hannu ki karanta da kanki, kada ki miƙa wa kowa. Rabe direba na ba, tare da buhun masarar nan, na ce mashi hannu da hannu.

Maijidda, tun kafin azumi kika tafi Kaduna haihuwar 'yarmu Najiba. Na ce to, ai arba'in ce, kamar yau ne. Aka yi arba'in, sai ɗan fari ya aiko mota aka wuce da ke Abuja, wai matarsa ta koma aiki, babu mai kula da yara. Ƙaramar Sallah ta zo ta wuce, Babba ta zo ta wuce, ga ni nan a Bakori, daga ni sai kaji sai akuyarki mai baƙin kunne, wadda ita ma ba ta da aiki sai kuka a bakin ɗakinki. Ita dai ta fi ni, tana iya faɗar abin da ke damun ta.

Kin tuna Sallolinmu na da? Kin tuna lokacin da tsakar gidan nan ba ta da wurin sa ƙafa? Ɗan fari yana hura rago kumatunsa kamar za su fashe, Mannir autanmu ya rungume ƙafar baya yana cewa shi ma mahauci ne, Najiba tana yawo da hannuwa a sama kada lallenta ya goge, duk aikin da aka sa ta sai ta ce bai bushe ba. Ke kuma kina gaban tukunyar suya, hayaƙi yana sa ki hawaye, kina korar wannan, kina ɗure wa wancan tsoka a baki. A cikin wannan hayaniya kike zaɓar mani hanta, wadda ba ta ƙone ba, ki rufe da faifai, ki zo ki ajiye gefen tabarmata ba tare da kin dube ni ba, ki ce wa iska, "Ga wannan kar kaji su ci." Ni ma ba na duban ki. Amma wallahi, farin watan da nake jira kowace shekara, wannan faifan ne.

Sai yaran suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Da fari suna zuwa da jakunkuna, su cika gida, su kwashe soye da daddawa su tafi. Daga baya aka koma wannan ya zo, wancan bai samu hutu ba. Ban yi ƙorafi ba, ai haka muka roƙa masu, Allah kuma ya amsa. Na ɗauka idan tsuntsaye sun tashi, ni da ke za mu rage a kan reshe, mu yi hirar da renon yara ya hana mu yi tun muna da baƙin gashi. Ashe da za su tashi, da ke za su tashi.

Bari in ba ki labarin Sallar bana. Na dawo daga idi na tarar da gida shiru, har ina jin ƙarar takalmina. Ɗanjuma maƙwabcinmu ya kama mani na yanka, matarsa Lauratu ta yi suyar, Allah ya saka mata. Ta aiko da naman cike da roba, hanta da huhu da tsoka duk a cakuɗe, na rasa wanda zan ce wa ba haka ake yi ba. Da la'asar kuka kira ni a wayar nan mai nuna fuska. Jikoki suna ta tsalle suna nuna mani sababbin kaya, ke kuma na hango ki can baya, rabin fuska, da goyo a bayanki. Ɗan fari ya ce, "Baba, ko Umma ta ƙara ɗan kwana biyu?" Kin ji abin da na ce: "Ai gidanta ne, ta zauna mana." Aka juyo da wayar wajenki, kika ce, "Malam ai yana iya kula da kansa." Muka yi dariya, yara suka ji daɗi. Da wayar ta mutu na daɗe zaune da ita a hannu.

To, ki gaya mani, hasken ɗakina, wa ya ɗaure mu in ba mu ba? Wane uba ne a ƙasar nan zai buɗe baki ya ce wa ɗan cikinsa, ɗan farin da ko sunansa ba ya kira, "Maido mani da matata, kewar ta nake"? Wace uwa ce za ta ajiye jika ta ce ita wajen mijinta take son komawa? Sai a ce tsofaffi sun zubar da girma. Kunyar nan da muka rene su da ita, muna alfahari, ita ce yau ta zame mana igiya, ke an ɗaure ki a can, ni an ɗaure ni a nan, kuma kowa na yaba mana haƙuri. Ni dai na gaji da yabon.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru shi ne maganar da ta suɓuce wa Mannir shekaranjiya. Ya ce yayansa ya sa an fara gyara maki ɗaki a bayan gidansa, da banɗaki a ciki, wai Umma ta sha wahala, lokacin hutunta ya yi. Ni kuma wai in ba da gonar aro in biyo ki. Na san don ƙauna suke yi, Allah ya yi masu albarka. Amma kin ga zamana a gidansa bara: ƙofar ƙarfe a kulle, ba zaure, ba mai sallama, ina zaune gaban talabijin kamar ragon da aka turke ana jiran ranarsa. Ga masara ta kai gwiwa tana neman taki, ga dawa tana jiran maimai. In na tafi, wa zan bar wa? In na zauna, da wa zan zauna? Kuma na san ki, idan aka gama ɗakin nan aka damƙa maki makulli, kunya ba za ta bar ki ki ce a'a ba har abada.

Akwai abu ɗaya da ban bari Lauratu ta taɓa ba. Wutsiyar ragon. Na yanke ta da kaina, na shafe ta da gishiri yadda nake ganin kina yi, na rataye ta a saman murhunki. Kullum sai na hura wuta don hayaƙi ya same ta, ko da ba abin da zan dafa. Kyanwar gidan Ɗanjuma ta sa mata ido, muna ta fama. Tun shekarar da aka kawo ki gidan nan, ba a taɓa yin cika-ciki ba sai da wutsiyar layya a miyarki, kina bin kowa da ƙari kina cewa yau ba mai tashi da sauran wuri a cikinsa. Watan ya kusa kamawa, Maijidda. Ni ban iya miyar ba, kuma ko na iya, ba zan ci ni kaɗai ba.

Saboda haka ga roƙona, ya ke tauraruwar asubahina. Ki nemo dalili. Ki ce akuya ta kusa haihuwa, gaskiya ne. Ki ce daddawa ta ƙare, gaskiya ne. Ki ce tsohon nan zai ƙona maki ɗakin girki, wannan ma bai yi nisa da gaskiya ba. Rabe yana juyowa duk mako, na gaya mashi ya bar maki gidan gaba.

In kuwa bakinki ya kasa, to ki saurara, ki ji alkawarin da ban taɓa yin irin sa ba. Ranar tara ga wata zan sauke wutsiyar nan, in naɗe ta a takarda, in bar masara a hannun Allah, in hau mota. Zan tsaya a tsakiyar falon ɗan fari, gaban matarsa da 'ya'yansa, in dubi yaron da tun ranar sunansa ban taɓa kiran sa ba, in ce: "Abdulmutallib, na zo ɗaukar matata." Ga shi na rubuta, kuma ban goge ba. In ba ki son ki ga wannan rana, ki riga ni.

Naki tun kina amarya, naki yau da furfura, naki har ranar da za a ɗauke ni daga gidan nan a kafaɗa,

Sanda,
Bakori.