Waƙar Yaya Wigand

Zuwa ga yayana Wigand mai goge, a birnin Kolon.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya sanyi? Yaya Metza, abokiyar zamanka? Mai jirgin ruwan da ke kai muku ruwan inabin gidanmu ya ce ya gan ka a bakin kogi kana tari har da dafa bango, kuma ka rame. Allah ya sawwaƙe. Mu nan gidan zuhudu lafiya lau. Hazo ne ya kwanta a kan kogin Mosel tun shigowar azumi, da safe sai ka ga kamar gidan nan ya tsinke daga ƙasa yana yawo da mu.

Wani ɗalibi matafiyi ya sauka a masaukin baƙinmu, da zai tafi ya bar mana waƙa a matsayin godiya. Labarin Kurwa ne da ta ɓata hanya tana neman gida, zunubai suna tare ta ɗaya bayan ɗaya, kowa da baitinsa na yaudara. Shugabarmu, Uwa Richenza, ta ce za mu rera ta kafin Ista, ta raba mana baitocin. Haɗama ta faɗa kan Sista Ermentrud, wadda ko burodinta ba ta cinyewa. Girman Kai aka ba Sista Bertrada, ta ce, "Ai dole, wa ke da muryar da zai ɗauka in ba ni ba?" Ni aka ba Kurwa.

Yaya, da muka fara gwadawa, ban kai ƙarshen layin farko ba na ji ƙafata tana buga ƙasa ita kaɗai. Karin waƙar naka ne. Waƙarka ta matar mai injin niƙa, wadda ta cusa saurayinta a buhun gari, da ka ƙirƙira shekarar da muka matse inabi da ƙafa kai da ni, Baba ya bi ka da sanda har gindin gada. An cire kalmominka an sa na tsarki, an ja ta a hankali kamar mai jan gawa, amma ita ce. Daidai inda Kurwa ke kuka tana kiran Ubangiji, nan ne saurayin yake yin atishawa a cikin buhu. Dariya ta ƙwace mini a gaban bagadi.

Uwa ta ce in same ta gobe. Ban san abin da zan gaya mata ba. In na faɗi gaskiya za a ƙone waƙar, ni kuwa tun da na shigo nan ban ji muryar gida ba sai yanzu.

Ka sha zuma da ruwan zafi. Ka gai da Metza.

Ƙanwarka,
Gisila

Zuwa ga Yaya Wigand.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya, wasiƙarka ta zo. Ka ce in daina ɓata addu'a a kanka, wai wani mai wa'azi ya faɗa a kasuwa cewa masu goge ba su da rabo a lahira, kai kuma ka yarda. Ka ce ka leƙa cikinka ba ka ga wata kurwa ba, sai warin giya da ƙwaryar caca.

Bari in ba ka labarin Uwa tukuna. Na same ta a lambu tana yanke busassun rassa, na durƙusa na faɗa mata komai. Ta ce, "Rera mini ta asalin." Na ce, "Uwa, ba ta shiga baki." Ta ce, "Ta shiga naki ai." Na rera, fuskata kamar za ta kama wuta. Da na zo wurin atishawar sai ta juya mini baya, kafaɗunta suna motsi. Can ta ce, "Kafin in yi takaba in zo nan, na taka rawar wannan a bikin ƙanena. Ashe ɗan'uwanki ne ɗan banzan." Sannan ta ce wanda ya fitar da kari irin wannan daga cikinsa, ba a ce cikin nan ba kowa.

Tun ranar, in ina rera baitina, nakan rasa ko a ina nake. Haske yana saukowa ta taga, 'yan'uwa suna kewaye ni a hankali, Hassada ta ja mini hannun riga, Lalaci ta raɗa mini cewa in zauna in huta, hanya da nisa. Muryoyinsu da daɗi, Yaya, wannan ne abin tsoron. Ba wanda ya taɓa gaya mini zunubi yana da murya irin ta mai ƙaunarka. Kurwar da nake gani kuwa ba fuskata gare ta ba. Wani dogo ne mai goge a kafaɗa, yana tafiya a kan ruwa cikin hazo, yana waiwaye.

Uwa ta ce a ba ka gado a masaukin baƙi. Mai jirgi zai ɗauko ka in zai dawo. Ba na cewa ka zo ka tuba. Ka zo ka ji abin da aka yi da waƙarka, ko don ka yi mana tsiya.

Taka har kullum,
Gisila

Zuwa ga Metza, matar yayana.

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki. Ba mu taɓa haɗuwa ba, kuma na san ba a ɗaura muku aure a coci ba, amma haka zan kira ki.

Wigand ya rasu ranar Talata da hantsi, an binne shi a maƙabartarmu, kusa da katangar lambu. Ya ce ya bar ki kwance da zazzaɓi, ke kika tura shi jirgi. Na gode miki.

Kafin ya rasu ya ji waƙar. An ɗauke shi a kujera aka ajiye bayan ƙarafan da ke raba mu da baƙi. Da muka gama, sai muka ji muryarsa: "Kun kashe ta! Wannan Kurwar gida za ta, ko kuwa kotu aka kira ta?" Sista Bertrada ta ce, "Ka ji mashayi zai koya mana ibada." Ya ce, "Baiwar Allah, ke kam Girman Kan da aka ba ki ya yi miki daidai." Uwa ta ce mu sake. Ya riƙa buga sandarsa a ƙasa, muna bi, muna ƙara sauri. Ban taɓa jin abu haka ba. Kamar rufin ya ɗaga. Zunuban suna kira ina wuce su da gudu, ba don na fi ƙarfinsu ba, don dai na hango ƙofa. Da na dube shi, idonsa a rufe, gemunsa ya jiƙe.

Washegari shi da kansa ya nemi Fada Anselm, tsohon limaminmu. Sun daɗe a ɗaki. Abin da ya gudana, Wigand ne ya gaya mini, ya ce in isar miki. Ya lissafa giya, da caca, da ƙarya, da mutumin da ya fasa wa kai a birnin Mainz, ya tuba daga dukansu. Fada ya ce saura matar da kake zaune da ita. Ya ce, "Wannan kam a'a. Ita ta wanke ni, ita ta ciyar da ni. In na ce na yi nadamarta, ƙarya ce zan ƙara a kan na baya." Fada ya ce to da Allah zai tashe ka, za ka kai ta ƙofar coci? Ya ce, "Da rarrafe ma." Tsohon ya ɗora masa hannu a ka, ya ce an gafarta masa.

Gogensa yana wurina, na naɗe shi a mayafi. Tsirkiya ɗaya ta tsinke, ban bari kowa ya taɓa ba. Ya ce ke kika san mai gyarawa. In kin ji sauƙi ki hau jirgi ki zo, akwai gado a masauki, kuma ina son ganin fuskarki.

Allah ya ba mu haƙuri.

Ƙanwarki,
Gisila