Yashi a Tsakiyar Buhu

Litinin, 11 ga Agusta

Kogi ya haye gada. Mota ba za ta zo ɗaukar gishiri ba sai ya sauka. Buhu ɗari biyu da goma a sito, gumin Yaya na shekara guda. Shi haƙa, ni bakin talla. Kuma ni na nace aka gina siton a ƙasan kwari, wai kusa da hanya. Yaya ya ce wurin tafki ne tun kafin kakanni, ga ƙashin kifi yana tonowa a ramin gishiri. Na ce, "Haba Yaya, tafkin da ya mutu shekara dubu, sai yanzu zai tashi don buhunanmu?" Da labarin ma nake cin kasuwa: gishirin tsohon tafki ne, hajiya, yana maganin komai har rowar maigida.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ruwa ya shigo kwarin, shiru-shiru, kamar mai gida ya dawo daga tafiya. Na kafa kara da safe don auna ruwan. Azahar babu kara.

Asabar, 16 ga Agusta

Yini na yi ina neman abin ɗaukar kaya. Mai amalanken da nake kira ɓarawo, yau "ranka ya daɗe" na ce masa. Ya ce nasa gidan yake kwashewa. Buhu bakwai muka fitar a ka, ni da Yaya, ruwa har ƙirji, kafin hanya ta gagara. Uwar yarana ta ce, "Kai da bakinka ke sayar da komai, je ka lallashi kogin mana." Ban yi dariya ba.

Lahadi, 17 ga Agusta

Ba asarar kaɗai ke ci na ba. Nan kawai zan faɗa.

Tun bara, duk buhun da na ɗinke da hannuna, sai na zuba farin yashi mudu shida a tsakiya. Yaya bai sani ba. Shi da jan zare yake ɗinki, ni da shuɗi.

Gishiri narkewa yake. Yashi ba ya narkewa.

Ya Allah, in za a tafi da su, a tafi har da buhunan.

Talata, 19 ga Agusta

Na tsoma yatsa a ruwan bakin tudu na lasa. Gishiri ne zalla, shekarar Yaya ce.

Laraba, 27 ga Agusta

Ruwa ya ɗan ja, mun shiga siton. Buhunan jan zare a kwance, fayau kamar wanki. Nawa kuwa kowanne da tulinsa a gindi, zaune daram, kamar shaidu a kotu. Ƙarya uku na tanada, wadda ta fi kyau ita ce kogi ne ya kawo yashin. Yaya ya duba bakin buhu, a ɗinke. Ya farke, ya ɗiba, ya sa a baki, ya tofar.

"Ɗinkinka da kyau, ƙanena," ya ce. "Ko ƙwaya ba ta zube ba."

Da ma mari ya yi mini.

Juma'a, 5 ga Satumba

Bai sake yi mini magana ba. Na ji yana gaya wa uwar yara tafkin zai yi shekara biyu kafin ya ƙafe, amma zai bar sabon gishiri, fari tas. Shekara biyu! Me za mu ci?

Laraba, 10 ga Satumba

Mota ta zo. Cikin bakwai ɗin nan, biyar shuɗin zare ne. Direba ya ce a loda, na ce ba yau ba. Ba wani abu ba ne, zaren ne kamar ya ruɓe. Tunda na farke, sai na narka su a baho, na tace da tsohon zani, na shanya a tire. Kwana da kwanaki zai ci, kuma biyar za su koma huɗu. Hannuna duk ya tsage.

Ɗazu Yaya ya wuce ta tsakar gida. Ya tsaya kan tire na farko, ya ɗebi kaɗan ya sa a baki.

Bai tofar ba.