Ni Ne a Bidiyon, Amma Ba Don Amaryarsu Na Yi Kuka Ba

Zuwa ga hasken idona, inuwata idan rana ta take, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasa, tauraruwar da ta toshe lambata ta bar ni ina hira da matar nan ta kamfanin waya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da begen da ya hana ni gane suga da gishiri. Bayan haka, na san kin ga bidiyon. Wa ya rage bai gani ba? Eh, ni ne ƙartin nan suka ɗauko cak kamar tsohon firjin da ya gagari gyara, takalmi ɗaya a ƙafa, suka dire a bakin titi. Amma abin da aka rubuta a ƙasansa, wai tsohon saurayin amarya ya je yana rusa kuka a wurin biki, ƙarya ce tsagwaronta. Ban san yarinyar ba, ban taɓa gyara ko fankar gidansu ba. Ki ba ni hankalinki, masoyiyata, in warware miki.

Kin tuna ranar da muka je duba zauren bikin? Manaja yana ta yi mana tallan fitilu da labule, ke kuwa kika sulale kika hau dandamali, kika ɗauki makirufo kika ce, “Malam To, kana ji na?” Muryarki ta cika wurin, ta daki bango ta dawo ta dake ni a ƙirji. Wace tsuntsuwa ce ta taɓa rera abin da ya kai wannan? A daidai lokacin manaja ya turo mini takardar yarjejeniya, na rattaba hannu idona yana kanki. Ko gidanmu ya rubuta na sayar masa, da na sa hannu.

Sauran kin fi ni sani. Yayata, Yaya Babba, ta canza launin adon da kika zaɓa, na ce to. Ta gayyato matan ƙungiyarsu kaf, na ce to. Ta kwashe ƙawayenki daga teburan gaba ta kai su kusa da ƙofar banɗaki, nan ma na ce to. Sai kika dube ni kika ce ke ba za ki auri mutumin da bai san hanyar da a’a take bi ta fito daga baki ba. Kika ɗaga waya a gabana kika soke zauren, da sauran lokaci mai tsawo kafin ranar. Tun daga nan duniya ta yi mini zafi, ni mai gyaran firji da sana’ata sanyi ce.

Da na ga kuka ba ya gyara komai, sai na tuna rabin kuɗin da muka ajiye a zauren guminki ne, na tsayuwar da kike yi a kantin magani har ƙafafunki su kumbura. Na je wurin manaja. Ya juya a kujerarsa, ya ɗora yatsa a kan wani ƙanƙanin rubutu kamar ƙwan kwarkwata, ya ce, “Abokina, karanta nan. Ba a mayarwa. Ga kuma cikon kuɗin sokewa da za ka kawo mana.” Na ji bakina ya tattaru zai ce to. Sai fuskarki ta faɗo mini, kawai na ji wani abu ya fito mai kama da kukan akuya. A’a ce, rabin raina, ta farko a rayuwata, kuma ba ki nan balle ki ji.

Na rubuta masa koke, ya yi biris. Na kwashi rasit da yarjejeniya na tafi ofishin kare haƙƙin masu saye. Jami’ar da ta saurare ni wata dattijuwa ce mai kallon mutum ta saman tabarau. Ta ce, “Ɗana, don mutum ya rubuta ba a mayarwa, bai zama aya ba. Asarar da suka yi da gaske, ita za su riƙe. In kuwa sun ba wasu ranar taku, ba za su ci tudu biyu ba.” Da ta kira manaja a waya, ya rantse har da tari cewa zauren zai wuni a rufe ranar, ko ɓera ba zai shiga ba. Ta ajiye waya ta ce in ina da shakka, in kawo shaida.

Shi ya sa na je, ran da ya kamata ta zama ranarmu. Na tarar da motoci har titi, kiɗa yana tashi. To da wane kaya zan wuce masu gadi? Da rigar aikina mai warin gas? Kaya masu kyau ɗaya gare ni a duniya, su ne waɗanda aka ɗinka mini na angonci. Na zura abina, masu gadi har da rusunawa, wata tsohuwa ta sa mini albarka ta ce Allah ya ba mu zaman lafiya.

Na fara ɗaukar hoto tsaf, kamar ma’aikacin sirri. Na ɗauki tebura, na ɗauki jama’a, na ɗauki cinyar kaza ɗaya don kada a zarge ni. Sai na ɗaga kai na ga dandamalin. Ga kujerar nan da kika shafa kika ce ta yi miki tsayi, ga wata zaune a kai. Wayyo, sanyin zuciyata! Ina ita ina ke? Ina fitilar aci-balbal ina wata ɗan daren sha huɗu? Ban san lokacin da na isa gaban dandamalin ba, cikin kayan ango, hawaye shaɓe-shaɓe, ina cewa, “Ba ke ya kamata ki zauna nan ba.” Ki faɗa mini tsakani da Allah, in ke ce ɗaya daga cikin yayyen amarya, me za ki yi?

Wayata ta fashe a wajen fitar da ni, hotuna suka tafi. Amma Allah ya saka wa wanda ya ɗauki bidiyon da alheri, domin ga allon zauren ya fito raɗau a bayana, ga ƙyallen taya murna ɗauke da kwanan wata. A zaman sulhu jami’ar ta kalla, ta maimaita, ta ce wai tana tabbatar da kwanan watan ne, alhali kafaɗunta rawa suke. Manaja ya ce zai ba da rabi, na ce a’a. Ya ce in ji tsoron Allah, na ce shi ma haka. Yanzu kalmar ta zauna mini a baki, har Yaya Babba ta samu rabonta da ta zo da hoton wata ’yar ƙawarta wai in aura. Ta yi fushi, ta ce an shanye ni, ko gaisuwata ba ta amsawa.

Daga ƙarshe manaja ya sauko. Ya ce in zaɓi ɗaya: ko ya mayar da kuɗinmu, ban da ɗan abin da ya kashe a kan takardu, ko ya ba mu wata ranar ba tare da ƙarin ko sisi ba. Ni da na yi makonni ina yaƙi a kan kuɗin nan, sai na ji ba su nake so ba. Me zan yi da su? Su yi mini dariya idan na ƙone shayi? Su kira ni Malam To?

In kin ce kuɗi, zan kawo miki naki har kanti, in ba abokiyar aikinki, in juya ba tare da na dame ki ba. In kin ce rana, ke za ki zaɓi launi, ƙawayenki su zauna a gaba, matan ƙungiya kuwa su zo da kujerunsu daga gida. Ina son ki, kuma ina tsoron amsarki fiye da yadda na ji tsoron ƙartin nan.

Jami’ar ta ɗauki alƙalami za ta rubuta matsaya, sai ta tsaya ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Ɗana, kafin mu ɓata tawada, amaryar tana nan kuwa?” Na nemi to na rasa, na nemi a’a na rasa. Ta ɗaga zaman zuwa mako mai zuwa, ta ce in zo da amsa ko in zo da mai amsar.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a sake ɗaukata cak, wannan karon ba takalmi ko ɗaya,

Mai gyaran firjinki.