Hancin da ya tafi ba sallama

Zuwa ga Gunvor, mai filin shawarwari,

Ki taimake ni da shawara, don abin da ke cina ba na iya faɗa wa kowa a garinmu, inda kowa ya san motar kowa. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Kakana ba ya fara labari daga tsakiya, ni ma haka na tashi. Sunayen da za ki gani na canza su, in kuma duk da haka an gane ni, to an gane.

Shekara talatin da huɗu ke nan ina aikin duba gidaje kafin a saya. Farkon shigata na ji wata magana a wajen shan kofi, wai hancin mai duba gida yakan mutu, kuma mai shi ne ƙarshen sani. Wani tsoho, Valter, shi ya fara faɗa min, yana tsoma burodin kirfa a kofinsa. Na yi dariya a raina, na ce tsoho ya gaji da jan ciki a ƙarƙashin gidaje yana neman abin faɗa. Ni a lokacin hancina ne abin taƙamata, har suna aka sa min da shi. Daga garin Sunne zuwa garin Torsby, in dillali ya ce an kira Hanci, mai gida sai ya fara zufa. Nakan ɗaga murfin kogon da ke ƙarƙashin daɓe, in zura kai, in shaƙa sau uku, in gaya maka ko katakon da ke ɗauke da gidanka lafiyarsa ƙalau, ko funfuna ta fara cinsa. Da can, bayan na shaƙa, sai in shiga in ja ciki har kusurwa huɗu, ina soka wuƙa a kowane katako. Kullum abin da hanci ya faɗa shi wuƙa ke maimaitawa. Da gwiwata ta dama ta lalace, shekara takwas da suka wuce, sai na ga me zai kai ni tambayar wuƙa abin da na riga na sani. Na daina shiga. Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Bana kamfaninmu ya ce duk mai son a sabunta masa takardar shaida sai ya je kwas na kwana uku a birnin Karlstad, a kan duba kogon ƙasan gida kaɗai. Ni, da shekara sittin da shida, a zaunar da ni a koya min rami. Mai koyarwar kuma Hillevi, wadda ni na fara saka ta a kogo shekarun baya, ta ga gizo-gizo ta buga kai da bututun ruwa. Ranar farko ta zana mana a allo yadda iskar bazara mai ɗumi ke shiga kogo mai sanyi ta sauke ruwanta a jikin katako, kamar numfashi a kan gilashi. Ta ce yawan buɗe ramukan iska a bazara ƙara wa kogo ruwa yake yi. Mu a zamaninmu iska ce maganin komai. Na naɗe hannu na bar ta tana ta zanenta.

Rana ta biyu ta jera kwalabe shida a tebur, kowace da guntun katako a ciki, ta ce kowa ya shaƙa ya rubuta wanne ne lafiyayye. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba komai. Na ce a raina yarinyar nan tarko ta ɗana mana, duk lafiyayyu ne, na rubuta haka da ƙwarin gwiwa. Huɗu daga ciki ruɓaɓɓu ne. Matar da ke kusa da ni har hawaye kwalba ta uku ta sa ta. Östen, abokin aikina na shekara ashirin, ya leƙa takardata ya ce, “Kai Hanci, ashe abin naka ya riga ka ritaya, ko walimar ban kwana bai tsaya ci ba.” Aji ya kwashe da dariya, ni ma na taya su. Hillevi ce ba ta yi ba. Ta karɓi takardata ta kife ta a tebur, kuma wannan kifewar ta fi min dariyar ciwo.

Rana ta uku aka kai mu wani tsohon gida, kowa ya sa rigar aiki da takunkumi ya shiga. Na shiga, gwiwa tana ƙara. A bakin murfi katako fari tas, irin wanda zan sa wa hannu ido rufe. Can kusurwar arewa kuwa wuƙa ta shige kamar a burodi. A nan kwance na tuna gidan ’yata.

Shekara uku da suka wuce Ylva da mijinta Ruben suka ga wani gida a bakin tafki, ginin shekarun alif ɗari tara da saba’in, irin wannan sak. Ni na duba musu, kyauta, ba takarda ba komai, a watan Fabrairu. Na zura kai na shaƙa sau uku, na miƙe na ce, “Saya, Ylva. In gidan nan ya taɓa wari, ki zo ki yanke hancin nan ki rataya a ƙofa.” A gaban kowa na faɗa, har da dillali. Bazarar da ta biyo, muna cin kifi da sabon dankali a bikin tsakiyar bazara, Ruben ya ce min a hankali, kada in ga kamar raini, amma a wajen aiki an ce rigarsa tana warin ɗakin ajiya. Na ɗaga murya na ce, “Kai da ke sayar da tayar mota, yaushe ka zama mai duba gida? Buɗe ramukan iska duka, ka bar mutane su ci abinci.” Aka yi dariya. Yaron nan ya je ya buɗe su duka, kamar yadda na ce, bazara uku a jere. Tun daga ranar bai sake yi min maganar gida ba. Gaisuwa ma daga nesa.

Asabar da ta wuce sun tafi wajen iyayen Ruben, suka bar min makulli saboda kyanwa. Da safe na ba ta abinci, na ɗaga murfin, na shiga. Ba sai na ja ki da nisa ba. Ƙarƙashin ɗakin kwanan jikokina katako ya yi baƙi, wuƙa ta shige har ƙota. Na kwanta rigingine ina shaƙa, ina shaƙa, kamar mai roƙo. Iska kawai nake ji.

Ga inda nake neman shawararki. Za su sa gidan a kasuwa a watan Maris, wai suna son komawa kusa da aikin Ruben, har sun ga wani da suke so. Kin san takardar nan da mai sayarwa ke cikawa, inda ake tambaya ko ya san da danshi ko funfuna ko wari. Ylva ta ce za ta kawo min ita Lahadi mai zuwa in taya ta cikawa, wai, “Baba, kai ka fi mu sanin gidan nan.” In na yi shiru, za ta rubuta ba ta san komai ba, kuma ba ƙarya ta yi ba. A hunturu wari barci yake yi. Mai saye shi ke da alhakin dubawa, wataƙila kuma ya ɗauko mai dubawa irina, mai zura kai ya fito. In na faɗa mata, dole ta rubuta, farashin gidan ya faɗi, ko a ɗage daɓen gaba ɗaya, wancan da suke so kuma ya wuce su. Ni kuma in zama uban da ya tura ’yarsa ruɓaɓɓen gida da barkwanci. Shin in na rufe bakina don in kāre ta, laifi ne? Ni ban san mai sayen ba. Ita kuwa ni na riƙe ta ranar da aka haife ta.

Wani abu ɗaya ya rage, shi ne ma ya fi ɗaci. Da na dawo gida ranar Asabar ɗin, matata Majken ta tare ni a ƙofa, ta ce in cire rigar a waje. Ta ce, “Ka shiga kogon ke nan.” Na ce ya aka yi ta sani. Ta ce warin nan shekara uku tana wanke shi daga kayan jikoki duk ranar da suka kwana wajenmu, kuma tun ranar da muka fara taka gidan ta ji shi daga bakin ƙofa. Na ce to me ya hana ta magana? Ta ce, “Ka riga ka rantse da hancinka a gaban yara, in ce me?” Sai ta ƙara da cewa turaren da nake saya mata duk ranar haihuwarta, shekara shida ke nan ba ta fesa shi ba. Da fari gwaji ta yi, ta ga ko zan lura. Kwalaben suna nan jere a aljihun tebur, ko buɗe su ba a yi ba, ni kuma kowace shekara ina ce mata ƙamshin ya yi mata kyau.

To kin ji. Maganar da Valter ya fara faɗa min na ƙaryata, wadda ta faɗa min ita daga ƙarshe Majken ce, matata da muka shekara arba’in da ɗaya tare, tana riƙe da rigata da yatsa biyu, ta miƙa ta nesa da fuskarta.

Hanci, daga bakin tafkin Fryken

*

Dattijo,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma zan fara da abin da ba laifinka ba. Hanci yana mutuwa, kamar yadda ido ke dushewa, ba wanda ke zaɓar haka. Ka je likita ya duba shi, don wani lokacin akwai dalilin da ake iya magancewa. Daina shiga kogo kuwa, wannan kai ka zaɓa, kuma kunyata surukinka a gaban baƙi shi ma kai ka zaɓa. Ka riga ka san haka, shi ya sa ba zan tsaya a kai ba.

Na fahimci abin da ke jan ka zuwa ga shiru. Ba mugunta ba ce, uba ne ke son ’yarsa ta fita daga ramin da ya saka ta. Amma ka sake karanta ƙarshen wasiƙarka. Majken ta yi maka shiru shekara shida don ta kāre ka, cikin ƙauna ta yi, kuma kai da bakinka ka ce shi ya fi komai ɗaci. Wannan shirun ne fa kake shirin yi wa Ylva ranar Lahadi. Kai ka san ɗanɗanonsa fiye da ni.

Kuma ban yarda cewa Ylva ba ta san komai ba. Mijinta ya yi maganar warin, mahaifiyarta ta ji, a wajen aiki an ji. Mutum uku a kusa da ita. Ina zargin gidan nan ba don nisan wajen aiki kaɗai ake sayar da shi ba, kuma takardar nan ba don ta kasa cikawa za ta kawo maka ba. Tana son ta sake jin ka ce lafiya, don ta iya sa hannu da kwanciyar rai. In ka ba ta wannan, ita ce sunanta zai hau takardar, ba kai ba. Ni ba lauya ba ce, amma in mai saye ya ɗaga daɓe a bazara ya tarar da abin da ka tarar, ya kuma ji cewa an taɓa maganar wari a gidan, ƙofar Ylva zai ƙwanƙwasa. Mai sayen da ka ce ba ka san shi ba, wataƙila shi ma yana da yara da zai kwantar a ɗakin nan.

Kada ka jira Lahadi. Ka kira Ruben tukuna, shi kaɗai, ka ce masa gaskiyarsa ce tun farko, kuma shawarar buɗe ramukan iska ta ƙara ɓata abin. Ka faɗa ba tare da barkwanci ba, na ga alamar shi ne mafakarka. Sannan ku je wa Ylva tare. A ɗauko wani ya duba kogon ya rubuta, da na’urar auna danshi, wanda ba kai ba. Hillevi ta kife takardarka a gaban aji, irin wannan mutum ake kira. Kafin nan a canza wa yara ɗakin kwana. In an san girman ɓarnar, su biyun su yanke ko gyara za su yi ko sayarwa a yadda yake, da gaskiya a rubuce. Abin da za ka iya ɗauka na gyaran ka ɗauka, da hannunka ko da aljihunka, ba tare da ka jira godiya ba.

Akwai kuma wasu gidajen da ka zura wa kai cikin shekara takwas. Ka sanar da kamfaninku, don irin wannan ne ake yin inshora. Ba zai yi daɗi ba, amma gara su ji daga bakinka.

Ylva za ta yi fushi, wataƙila ta daɗe tana yi. Ka bar ta ta yi, kada ka kāre kanka. Majken kuma kada ka riƙe ta a rai. Ka tambayi kanka me ya sa mutum uku da ke son ka suka ga shiru ya fi musu sauƙi a kan su ja da kai.

In ka gama da wannan duka, ka buɗe aljihun teburin nan, ka ɗauko kwalba ɗaya ka miƙa mata, ka ce kai ba ka ji, amma ita tana ji. Ina yi maka fatan gwiwa ta ɗauke ka har ƙofar Ruben, baki kuma ya buɗe in ka isa.

Gunvor